Ƙuri'ar Masara da Wake

"Kada ka ƙara zuwa, Asahel."

Keziah ba ta ɗago ba da ta faɗi haka. Hannunta na kan masaƙa, amma zaren ya tsaya.

"Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Kuma shi ne abin da ke kashe ni."

Na jingina da bango. Warin majema na shigowa ta taga, don gidansu shi ne na ƙarshe kafin inda ake jeme fatu. Nan garinmu ya ga ya dace da su.

"Lemuel Bissell ya dawo jiya," ta ce. "Har da mahaifiyarsa. Sun kawo shayi da sukari na neman aurena. Jirgin ruwansa zai tashi zuwa Halifaks, can inda Sarkin Ingila ke mulki, kafin bakin teku ya daskare. Mamata ta kusa cewa to."

"Ke fa?"

"A can ba wanda zai tofar da yawu in na wuce. Ba yaron da zai bi ni da waƙar 'yar maci amana."

"Tambayarki na yi. Kina son sa?"

Sai lokacin ta dube ni. Idanunta sun yi ja.

"Kada ka yi mini tambayar yara. Ka san wanda nake so. Amma na gaji da son da ake yi a bayan majema. Mahaifiyarka ko kallona ba ta yi a coci. In na zauna a layin da take, sai ta gyara mayafi ta dubi bango. Ka ce in shiga gidanta in yi mata girki? In haifa mata jikoki?"

"Zan gina mana namu."

"Ka rabu da ita saboda ni, gari ya ce jininmu na Sill ya sake cin gidanku na Pomeroy? A'a." Hawayen ya zubo, ba ta share ba. "In gidanku ya yarda, kowa ya ji, zan jira ka ko sai na yi furfura. In bai yarda ba, zan shiga jirgin. Lemuel zai zo jin amsa ranar Lahadi da yamma."

Ban iya magana mai daɗi ba, ta kuma san da haka.

Na fito.

* * *

Ubanta ne ya kashe ubana.

Ba da hannunsa ba. Lokacin yaƙin 'yanci ubanta Elnathan Sill na cikin waɗanda suka tsaya bayan Sarkin Ingila. Shi ya nuna wa kwale-kwalen sojojin Sarki masu jajayen riguna bakin rafin da mazan garinmu ke dafa gishiri. Cikin waɗanda suka faɗi a wurin har da ubana, Elihu Pomeroy. Ina ɗan shekara uku. Ƙanwata Tirzah na shan nono. Keziah kuwa ko haihuwarta ba a yi ba.

Elnathan ya gudu Halifaks da matarsa, gari ya ƙwace gonarsa, sanyin can ya kashe shi bayan shekaru. Matarsa Jerusha ta dawo da 'yarta don ba ta da wani wurin. Ba wanda ya kore su. Ba kuma wanda ya gaishe su.

Innata Huldah ce. Tsayinta bai kai kafaɗata ba. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya katse ta ba.

Da aka gama yaƙi ta tara mu ta ce, "An kori sarki daga ƙasa. Ba zan naɗa wani a ɗakin girkina ba, ko da ni ce."

Tun daga nan duk wata babbar magana a gidanmu da ƙuri'a ake yanke ta, irin ta mutanen da. Kwanon katako, a rufe da ƙyalle. Ƙwayar masara na nufin na yarda, ƙwayar wake na nufin ban yarda ba. Duk wanda ya isa riƙe gatari ko tatsar saniya yana da hannu a kwanon, mace ko namiji. Inna ma ƙwaya ɗaya gare ta kamar kowa.

Da ƙuri'a aka tura ni makaranta maimakon gyaran rufi, muka yi damina muna tara ruwa a tukwane. Da ƙuri'a aka kori lofen Baffa Gershom daga cikin ɗaki. Shi ne ƙanen babanmu, ya baro hannun hagunsa a yaƙi, yana zaune tare da mu. Har yau in ya fita bakin rumbu shan taba sai ya ce zalunci ne na masu rinjaye.

Ranar Asabar Inna kan karanta mana jarida, ta tambaye mu wa ke da gaskiya, kuma me ya sa. Da aka buga tsarin mulkin ƙasa ta sa muka haddace shi muna ɓarar masara. Wanda ya yi tuntuɓe shi zai wanke kwanuka.

Ita ta koya wa Yaya Ozias yadda ake miƙewa a taron gari, yadda ake musu da dattijo ba a zage shi ba. Ranar da ya fara zuwa ta goge masa riga, ta raka shi har matakalar zauren, ta juyo. Mata ba su da ƙuri'a a can. Na sha ganin ta a bakin taga ranar taro, hannunta cikin ƙullun burodi, idonta a kan hanya.

Dokokin kwanon kaɗan ne. Ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Wanda aka kayar ba ya kumbura fuska. Ba a roƙon ƙuri'a. Ko a taron gari, a nan jihar Konetikat, abin kunya ne a ji mutum ya ce a zaɓe shi. A gidan Inna abin ya wuce kunya.

Ran Alhamis na ce ina so a sa maganata da Keziah Sill a kwano.

Baffa ya ajiye cokali. Inna ta ci gaba da yanka kabewa.

"Lahadi, bayan coci," ta ce. Wuƙar ba ta tsaya ba.

* * *

Na yi lissafi ina faskare. Hannu biyar ne. Nawa masara. Na Baffa wake. Na Inna ban ma tsaya tunani ba. Yaya Ozias kuwa shi ya riƙe fitila ranar da aka shigo da gawar Baba, yana yaro, bai taɓa yin maganar ba. Tirzah ba ta da tabbas, yau nan gobe can.

Na ce bari in ɗaure Tirzah, in bar Ozias ga Allah.

Na sayo kintinkirin ɗaure gashi mai ruwan sararin sama, wanda ta daɗe tana kallo a kanti. Na same ta tana tatsa.

"Na wa?"

"Naki."

"Kai da ko tuffa ba ka taɓa tsinko mini ba? Yaya, lafiyarka?"

"Ki tuna da ni ranar Lahadi. Shi ke nan."

Ta yi dariya ta cusa shi a aljihu. Ni kuwa ƙuri'arta na saya. Na sani. Tun ina tsaye a wurin na sani.

* * *

Lahadi muka dawo daga coci, rana na sama. Inna ta share tebur ta ɗauko kwanon. Ta zuba wa kowa ƙwaya biyu a gabansa, masara ɗaya, wake ɗaya.

Tirzah ta cire hular coci. Abin na nan a gashinta, yana sheƙi.

Inna ta daɗe tana kallon sa.

"Wa ya ba ki?"

"Yaya Asahel."

"Da ya ba ki, me ya ce?"

Tirzah ta dube ni. A gidanmu ba a koya mana ƙarya ba, ba ta san ta inda ake farawa ba.

"Cewa ya yi... in tuna da shi yau."

Inna ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta miƙo hannu ta kwashe ƙwayoyin gabana, ta kwashe na gaban Tirzah, ta mayar cikin buhu.

"Mai saye da mai sayarwa ba su da hannu a kwanon yau."

"Inna..."

"Babanku ya mutu don talaka ya samu abu ɗaya da ba na sayarwa ba. Kai ka yi masa kuɗi da kintinkiri. Zauna."

Tirzah ta fashe da kuka, ta fizge shi daga kanta ta jefe ni da shi.

"Da ma masara zan jefa, wawa kawai. Tun farko masara zan jefa."

Saura hannu uku. Inna, Baffa, Ozias. Matar mamacin, ƙanensa, da ɗan da ya ga gawarsa.

Da hannuna na yi wa kaina haka.

Baffa ya gyara zama. "To, Matar Yaya, a yi a gama. Wake na kan wuta, wake na kan tebur, yau ranarsa ce."

"Ba yanzu ba."

"Me ya rage?"

"Ba mu ji ta bakin wadda ake magana a kanta ba."

Baffa ya juyo gaba ɗaya. "'Yar Elnathan? A nan? A kan dandamalin da aka shimfiɗe yayana?"

"Ranar da aka yi ƙuri'ar lofenka, Gershom, sai da muka saurare ka har miya ta kama. A kan taba ke nan. Yau rayuwar mutum ce."

"Ke kanki ba kya son ganin ta."

"Ba a tambaye ni abin da nake so ba." Ta juya. "Tirzah, share fuskarki. Je ki ce Huldah Pomeroy na roƙon Keziah Sill ta zo. Ki ce roƙo. Kada ki ƙara komai."

Na dubi mahaifiyata. Ta riga ta ci nasara, hannu uku duk nata ne. Ban gane abin da take yi ba.

* * *

Keziah ta shigo da rigar cocinta mai faci a gwiwar hannu. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta rusuna.

"Ranki ya daɗe."

"Ba sarauniya a gidan nan," in ji Inna. "Ga kujera."

"Gara in tsaya."

"Kin san abin da ya sa aka kira ki?"

"Na sani."

"Asahel ba shi da baki yau, ya zubar da shi. Ke za ki yi wa kanki magana. Gershom, fara."

Baffa ya miƙe. Ya ɗaga hannun rigarsa da ba komai a ciki.

"Kin ga wannan? Ba na kuka a kansa. Amma yayana ba a fagen fama ya faɗi ba. Yana juya gishiri a tukunya aka harbe shi ta baya. Ubanki ya ci abinci a teburin nan. A wannan gefen yake zama. Abu ɗaya nake so, yarinya. Ki tsine masa. A gabanmu. Ki ce Allah ya tsine wa Elnathan Sill. In kin faɗa, ni Gershom zan jefa miki masara."

A raina ina cewa ki faɗa, Keziah. Magana ce kawai. Ya mutu, ba zai ji ba.

Ta girgiza kai.

"Ba zan iya ba, Baffa."

"Ba za ki iya ba."

"Abin da ya yi mugun abu ne. Ban taɓa cewa ba haka ba ne. Shi ma bai taɓa cewa ba. Bai sake yin barci mai daɗi ba har ya mutu, ina jin sa ta bango." Ta dubi Baffa. "Amma shi ya koya mini karatu a ɗakin da ba wuta. Sanyin da ya kashe shi, bargonsa na kaina. In na tsine masa yau don in samu miji, gobe me zan sayar don in samu wani abin? Ku yi haƙuri. Ina son Asahel. Allah ya sani ina son sa. Amma ba da wannan ba."

Na rufe ido. Shi ke nan, jirgi ya tafi da ita.

Baffa ya koma ya zauna a hankali, yana kallon tebur.

"Ozias," in ji Inna. "Me dokar ƙasa ta ce a kan mai cin amana da 'ya'yansa?"

Yaya Ozias bai ɗago ba. "Inna, kin san na sani."

"Ina so in ji."

"Ta ce laifin nasa ne. Ba ya bin jini ya sauka kan ɗansa." Ya damƙe hannunsa. "Inna, ni na riƙe fitilar."

"Na sani. Ni na ba ka ita."

"Na ga bayansa."

"Ni na wanke shi, Ozias. Ban ce ka manta ba. Cewa na yi ka faɗi doka, ka kuwa faɗa. Abin da za ka jefa tsakaninka da Allah ne."

Ƙaton mutum, mai ɗaga gungume shi kaɗai, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa. Tirzah ta toshe bakinta.

Sai Inna ta dubi Keziah. Ido cikin ido. Ina jin shi ne karo na farko tun da suka dawo garin.

"Tambayata ɗaya ce. In Allah ya ba ki ɗa, wata rana zai tambaye ki kakanninsa biyu. Ba malamin makaranta zai tambaya ba, ba fasto ba. Ke zai tambaya, kina tsakiyar aiki. Me za ki ce masa?"

Keziah ta share fuska da bayan hannu.

"Ba zan jira ya tambaya ba. Zan riga yaran unguwa. Zan ce ɗaya ya mutu yana yi wa garinsa aiki, ɗayan ya nuna hanya aka kashe shi. Ba zan rage ba. Zan kai shi bakin rafin ya gani da idonsa."

"Sannan?"

"Sannan zan ce dukansu biyu suna jikinsa. Wanda zai zama kuma ba su ne za su zaɓa masa ba."

Fuskar Inna ba ta nuna komai ba. Jijiya ɗaya ce kawai ke harbawa a wuyanta.

"Mun ji. Je ki gida. Za a kawo miki amsa kafin baƙonku ya tashi."

Keziah ta fita ba ta kalle ni ba.

* * *

Baffa ya fara. Ya kwashi ƙwayoyinsa biyu, ya cusa hannu ƙarƙashin ƙyalle. Ƙwas. Ɗayar ya sa a aljihu.

Ozias ya bi.

Inna ce ta ƙarshe. Ba ta yi jinkiri ba ko kaɗan.

"Tirzah, buɗe. Ba ki da ƙuri'a amma kina da ido."

Tirzah ta yaye ƙyallen. Ta leƙa. Ta sake leƙawa.

"Masara biyu. Wake ɗaya."

Ban san lokacin da na zube a gaban mahaifiyata ba. Na kama gefen rigarta. Ni da ba na kuka, na ji yana zuwa.

"Inna, na gode. Na san abin da ya ci miki. Na gode."

"Tashi. Kada ka gode mini."

"Inna..."

"Waken nawa ne."

Na miƙe.

Na juya na dubi Baffa. Ya ɗauki lofensa yana neman ƙofa.

"Me kake kallona? Hannu ɗaya gare ni, abin da ya kama shi na jefa." Ya tsaya a bakin ƙofa, bayansa gare mu. "Da ubanta ya yi rabin taurin kanta, da yayana na nan."

Ya fita.

Na koma ga Inna. "Kin san in ta zo za ta iya juya su."

"Na sani."

"Da ba ki kira ta ba, da kin ci."

"Da na ci."

"To me ya sa?"

Ta ɗauki ƙwayoyin uku daga kwano ta mayar cikin buhu, ta ɗaure bakinsa.

"Shekara nawa ina gaya muku ba a hukunta mutum sai an ji shi? Kuna tsammani don lofe da rufin ɗaki na sa dokar? In ta tsaya sai ranar da ba ta ci mini komai ba, to wasan yara na koya muku." Ta ja numfashi. "Yarinyar ta amsa daidai. Ko ni ba zan amsa fiye da haka ba. Amma da ta ɗago kai, idon Elnathan na gani. Hannuna ya ƙi masara. Ba zan jefa ƙarya a kwanon nan ba, ko don kai."

"Yanzu fa?"

"Yanzu an kayar da ni. Tirzah, miƙo mini baƙin mayafina."

"Ina za ki?"

"Gidan nan ya yanke magana. Wa ya kamata ya kai ta?"

* * *

Ba ta bi ta bayan gonaki ba. Ta tsakiyar gari ta bi, ranar Lahadi, lokacin da kowa ke zaune bakin taga ba aikin yi. Ina biye da ita. Ta wuce coci, ta wuce zauren taro, ta wuce gidan fasto. Labule na motsi gida bayan gida. Wata tsohuwa ta fito har bakin shinge.

"Huldah, ina zuwa haka?"

"Gidan Jerusha Sill. Neman aure."

Ba ta rage murya ba. Ba ta kuma rage tafiya ba.

Ina kallon bayanta. 'Yar ƙaramar mace, takalminta ya ci ƙasa ta gefe guda. Na taɓa ganin janar a kan doki ranar bikin 'yanci, da ganguna da tuta. Ban ji abin da na ji a kan hanyar nan ba.

Dokin Lemuel na ɗaure a ƙofar gidan. Inna ta ƙwanƙwasa.

Jerusha ce ta buɗe. Ta ja da baya, hannunta a ƙirji. Sun yi makarantar coci ɗaya suna yara, haka na ji. Tun ranar gishiri ba su haɗa magana ba.

"Huldah."

"Jerusha. Kin tsufa."

"Ke ma."

A ciki Lemuel na zaune da kofin shayi, rigarsa mai maɓallan azurfa. Keziah na tsaye jikin masaƙa.

"Gidana ya aiko ni," in ji Inna. "Muna nema wa Asahel auren 'yarki. Zan faɗi gaskiya don kada ku ji a bakin wani. An yi ƙuri'a. Ni ban yarda ba, aka kayar da ni. Maganar gidan yanzu ita ce maganata. Daga yau duk wanda ya kira yarinyar nan da sunan laifin ubanta a garin nan, ni zai amsa wa."

Lemuel ya ajiye kofi. Ya yi murmushi irin na masu jirgi.

"Iya, da girmanki. Kin ji da bakinki ba kya son ta. Ni uwata da kanta ta zaɓo ta. Keziah, wanne ya fi? Gidan da ake marmarinki, ko gidan da aka shigar da ke da ƙwayar hatsi?"

Maganarsa ba ƙarya ba ce. Shi ya sa na ji ta har ƙashi.

Keziah ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba. Ta tako har gaban Inna.

"Inna, za ki iya kallona kullum? Da safe, da rana, a tebur ɗaya?"

"Ban sani ba."

"To ta yaya..."

"Ban sani ba, na ce. Ba zan yi miki alkawarin zuciyata ba, ba ta jin maganata a kan wannan. Abin da ke hannuna shi zan ba ki. Ba za a yi maganarki a bayan idonki ba. Ba za a ɗora miki abin da ba ki yi ba. Ranar da na zalunce ki, ki kai ni gaban gida, za a saurare ki kamar yadda aka saurare ki yau. Sauran kuma zan koya. Na koyi abubuwa da yawa da ban so ba."

Keziah ta tsaya tana kallon ta, hawaye na sauka har haɓarta.

"A Halifaks za a so ni don ba a san ko ni wace ce ba," ta ce a hankali. Ta juya. "Malam Bissell, ka yi mini alheri, ba zan manta ba. Ka gaishe da mahaifiyarka. Mama, a mayar musu da shayinsu."

Lemuel ya ɗauki hularsa. Da zai wuce ya tsaya gaban Inna kamar zai ce wani abu. Sai kawai ya sunkuyar da kai ya fita.

Jerusha ta jawo kujera. "Huldah, ko ruwa..."

"Ba yau ba, Jerusha. Wata rana. Yau iyakar abin da zan iya ke nan."

* * *

A hanyar dawowa ta kama hannuna. Ba ta taɓa yi ba. Sai lokacin na ji duk jikinta rawa yake, tun daga kafaɗa har yatsu. Ban san tun yaushe ba.

Na riƙe ta, muka ci gaba da tafiya.

Da muka zo katangar maƙabarta ta sake ni.

"Wuce gida. Ka ce wa Tirzah ta sauke waken kada ya ƙone. Kai kuma wanke-wanken wata guda naka ne, saboda kintinkiri."

"To, Inna. Ke fa?"

"Zan shiga wurin babanku."

"In raka ki?"

Ta girgiza kai. Ta gyara mayafinta, ta tura 'yar ƙofar katako.

"A'a. Gara ya ji daga bakina cewa an kayar da mu."